Mai Jita Ya Nemi 'Yar Hazan

A kan tebur Shifra ta fara ganinsa. Tsaye yake ba takalmi, jita rataye a wuya, yara kusan ɗari uku suna dukan teburan cin abinci da cokula kamar za su ɗaga rufin ɗakin.

Ranar ta sauka a sansanin, can bakin wani tafki a arewacin Wisconsin, inda Yahudawan yankin ke kai 'ya'yansu hutun bazara, su ma su samu su sarara. An ɗauko ta ne ta koyar da ƙungiyar mawaƙa, don tana digiri na biyu a kan kiɗa. Ga shi kuma 'yar Hazan Zelig Marmor ce, mutumin da ya shekara talatin da ɗaya yana jan addu'a da murya a wata majami'a a Milwaukee. Allah ya yi mata kunne na ban mamaki. In ƙofa ta yi ƙara, Shifra za ta gaya maka sunan sautin.

To wannan kunnen ne ya hana ta cin abinci. Saurayin nan muryarsa a shaƙe take, yatsunsa wuri huɗu kawai suka sani a jikin jitar, ɗaya daga cikin huɗun ma ba daidai yake dannawa ba. Amma babu yaron da bakinsa ke rufe. Har masu wanke-wanke sun leƙo ta tagar kicin suna amshi.

Yana dirowa daga teburin ta tare shi.

"Ka san wannan waƙar daga sautin re aka rubuta ta?"

Ya share gumi da gefen riga, ya dube ta yana murmushi.

"Sannu da zuwa. Ni ne Naftali. Shi wannan Re ɗin a wane ɗaki aka sauke shi?"

"Ba wasa nake yi ba."

"Ni ma haka, Farfesa. Ban san shi ba."

Sunan ya bi ta tun daga ranar.

Kwana uku tana bibiyarsa da kunne, kuma kullum abin ƙara ɗaure mata kai yake. Waƙa ɗaya ce, amma ran Litinin ya ɗauko ta daga sautin do, ran Talata ya sauko ƙasa, ran Laraba ya haura. Mutumin da bai san sunan sauti ko ɗaya ba, me ke sa shi canja wuri? Shifra kuwa irin mutanen nan ce da in abu ya shige musu duhu ba sa sakewa sai sun ga ƙwal uwar daka.

Ta same shi a bakin ruwa yana canja wa jita tsirkiya.

"Me ya sa shekaranjiya ka sauke waƙar?"

"Na sauke ta?"

"Taki ɗaya da rabi."

"Au, ran Talata. Ai wuni suka yi a tafki suna ihu, maƙogwaro ya gaji. In na ɗauko daga sama, 'yan matan gaba za su bi ni, samarin baya su yi shiru su fara jifan juna da burodi."

"To ta yaya kake sanin inda za ka fara?"

"Kafin in hau tebur nakan tsaya in saurari surutunsu. Surutu ma yana da wurin da yake zama. Daga nan nake ɗauka."

Shifra ta nemi wuri ta zauna a kan katakon. Shekara shida tana makarantar kiɗa, ba malamin da ya taɓa ce mata surutu yana da wurin zama.

Daga ranar ta fara naɗar muryarsa a wayarta, tana rubuce-rubuce a ɗan littafi. Don takardar digirinta take yi, ko kuma haka take gaya wa kanta. Shi bai tambaya ba, ita ma ba ta faɗa ba. Ya riƙa zuwa ajinta yana zama a kujerar baya, gwiwoyinsa har haɓa, wai yana son a haɗa shi da Re su gaisa. Kafin bazara ta ƙare, kowa a sansanin ya san inda aka dosa, sai su biyun ne ke ta noƙe-noƙe.

Kwana biyu da watsewa saƙonsa ya shigo.

"Farfesa, na iso Chicago lafiya. Ɗakina shiru kamar an yi mini sata. Firjina yana wani gurnani, na naɗo miki, don Allah wane sauti ne?"

Ta saurara sau uku tana dariya ita kaɗai, sannan ta rubuta.

"Si ne, amma ya ɗan sauka. Ka kira mai gyara. Ni ma na yi kewarka, Mai Jita."

"Yaushe na ce na yi kewarki?"

"Namiji ba ya turo wa mace kukan firji a banza."

"To an kama ni. Ina sonki, motek, zumata. Wannan kuma a wane sauti ya fito?"

"Daidai ya fito. Karo na farko a rayuwarka."

Bayan bukukuwan kaka ta kai shi gida cin abincin daren Asabar. Mahaifiyarta, Ima Bluma, ta yi miyar kaza, ta gasa burodi mai kitso guda biyu, ta kunna kyandir tun kafin rana ta faɗi. A hannun daman Hazan kuwa Dov Kessler ne zaune, ɗalibinsa, mai murya garau da baƙar kwat. Shekara biyu ke nan Dov yana cin kugel, gasasshiyar taliyar gidan, yana jiran ranar da Shifra za ta lura da shi. Shi Abbanta tuni ya gama aurar da su a zuci.

Hazan ya tura wa baƙo kofin inabi.

"Mu ji muryarka, samari. Sa mana albarka."

Naftali ya miƙe da murnarsa, ya rera irin ta sansani, yana buga ƙafa, har ya bar ɗan gurbin da yara ke tafawa. Ba wanda ya tafa.

"Wannan karin na wace rana ne?" in ji Hazan.

"Na Asabar ne, Hazan."

"A'a. Na bakin tafki ne." Ya gyara zaman tabarau. "Kowace addu'a da nusah ɗinta, karin da aka gada. Na safiyar Talata daban, na Asabar daban, na ranar azumi daban. Kakana ko daga suma ya farfaɗo, in ya ji hazan, zai gaya maka ranar da ake ciki. Kai kuwa ka ɗauki addu'a ka sa mata gajeren wando."

Dov ya rufe baki da tsumma. Ima ta yi maza ta ƙara wa Naftali miya, ba tare da ta tambaye shi ba.

Da aka tashi, Shifra ta bi mahaifinta ɗakin karatunsa.

"Abba, aurensa zan yi."

"Da kunnen naki? Shekara hamsin za ki yi kina jin wannan?"

"Ina sonsa."

"So ba ya gyara maƙogwaro, Shifrale."

A Amurka ake, ita kuma shekararta ashirin da shida. Da ta ga dama da ta ɗauki jakarta ta nemi wani ya ɗaura musu aure, ba mai ce mata don me. Sai dai tun tana ƙarama take bin Abba wurin bukukuwa, tana kallonsa ƙarƙashin rumfar aure yana rera wa 'ya'yan wasu albarku bakwai, matan na share hawaye. Tun lokacin ta ƙudurta cewa ranar nata auren muryar nan za ta ji, ba wata ba. Abba ya san haka, shi ya sa bai ko ɗaga murya ba.

"Ga abin da zan iya," ya ce. "Asabar ɗin da ke gaban idin Pesah, ya zo majami'ata ya ja addu'ar tarbar Asabar. Ba jita, mu ba ma taɓa kayan kiɗa ranar hutu. Ba hawa tebur. Ya tsaya inda nake tsayawa, ya juya wa jama'a baya, don ba da su yake magana ba. Ya rera yadda malamina ya koya mini, daga inda nake ɗaukowa. In ya fita ba kuskure ko ɗaya, ni zan rera muku albarkun. In ya yi kuskure, ku nemi wani hazan, ni zan zauna a kujera in ci kek."

Da ta raka Naftali gidan maƙwabci inda aka sauke shi, ta gaya masa. Ya tsaya cak a kan hanya.

"In juya baya? Shifra, ni fa fuska nake karantawa. Ki ƙwace jita, ki ƙwace fuskoki, me ya rage?"

"Ni," ta ce. "Zan koya maka."

Haka aka fara. Kowace Lahadi da rana sai ya hau jirgin ƙasa daga Chicago, su zauna gaban fiyano a ɗakin gwaji na makarantarsu, ita da fensir a baki, shi da gumi a goshi cikin sanyin Disamba. Ya koyi karanta ɗigo-ɗigon nan da ke zaune a kan layuka biyar. Ya haddace karin Asabar taki-taki. Wurin da Hazan ke ɗaukowa can sama yake, kusa da inda muryar Naftali ke ƙarewa, sai ya miƙe wuya yake kamowa.

Wata Lahadi, don ta hutar da shi, ta nuna masa wata dabara da ba ta cikin jarrabawar.

"In kana so ka bar mataki ɗaya ka koma wani a tsakiyar waƙa, nemi sautin da ke cikin duka biyun. Ka riƙe shi, ka ja shi, sai ka taka ta kansa ka sauka. Ba wanda zai ji ɗinkin."

"Kamar canja jirgi a tasha."

"Kamar haka."

"To me zai amfane ni, tunda babanki ya hana ni motsi?"

"Ba komai. Daɗinsa kawai nake ji."

Ya sa ta maimaita masa sau shida, don shi ma ya ji daɗin.

A tsakiyar Janairu, ranar wata Alhamis, saƙo ya shigo mata tana cikin aji.

"Na haɗu da Dov a tasha. Ya ce yana gaida Misali na Ɗaya, wato ni. Ya nuna mini takardarki a wayarsa, wai a ɗakin karatun makarantarku ya gani. Jagoran waƙa marar ilimin kiɗa. Ashe duk zaman da muka yi a bakin tafki bincike kike yi. Ba zan zo ran Lahadi ba."

Ta fita da gudu ta kira shi. Bai ɗauka ba.

"Motek, ka ɗauki waya in yi maka bayani."

"Don Allah, Naftali."

"Na yi laifi da ban gaya maka ba. Amma ba yadda ya nuna maka ba ne."

Ran Juma'a da la'asar amsa ɗaya ta zo. "Rana ta kusa faɗuwa, zan kashe waya. Asabar lafiya." Ba Farfesa, ba motek. Ta zauna a bakin gado ta yi kuka sosai. Dov ya yi munafunci, wannan gaskiya ne, amma wuƙar da ya yi amfani da ita Shifra ce ta wasa ta, ita ma ba ta musa ba.

Kwana goma ta daure, ran Lahadi ta biyu ta hau jirgin da kanta. Ta san yana koyar da waƙa a makarantar yara ta wata majami'a da safe. Ta tsaya a bayan gilashin ƙofar ajin tana leƙe.

Ga shi nan tsaye, da takalmi, takarda a gabansa, idonsa a kan takardar. Kowane sauti daidai yake fita, ko Abba ba zai sami abin gyarawa ba. Yaran kuwa, ɗaya na kallon taga, biyu na musayar alewa a ƙarƙashin tebur, sauran sun zuba masa ido kamar masu jiran likita. Wannan ya fi saƙon nan yi mata ciwo.

Da yaran suka fita ta shiga, ta miƙa masa takardar, ta buɗe masa shafin ƙarshe.

"Dov babi na biyu ya nuna maka. Karanta nan."

Ya karɓa fuska a ɗaure, ya karanta a fili, a hankali. "Na auna sautinsa, na auna saurinsa, na ƙirga numfashinsa. Duk abin da makaranta ta koya mini na gwada a kansa. Har yau ban gano yadda mutum ke sa ɗaki guda ya buɗe baki ba, kuma ina zargin cewa wannan shi ne ilimin, mu ne ba mu da shi."

Ya ɗago ya dube ta. Sannan ya juya takardar ya duba lambar shafin.

"Shafi casa'in da huɗu, Farfesa, ƙarshe ki ce ba ki sani ba? Kuma za su ba ki digiri?"

Ta yi dariya hawaye na zuba.

"Ka yafe mini."

"Na yafe tun ran Talata. Girman kai ne ya riƙe mini yatsa."

"Na ga ajinka," ta ce. "Ka ga abin da na yi maka? Yaran nan ko baki ba su buɗe ba."

"Ba ke ba ce. Tun da na san sunayen sautukan nan nake jin tsoronsu. Da can ban san ana faɗuwa ba, shi ya sa nake gudu."

"Mu bar sharaɗin nan. Zan je in gaya wa Abba mun fasa, mu nemi wani."

"Ki tsaya ƙarƙashin rumfa kina baza kunne, muryar da kike nema tana can tana cin kek? A'a. Zan yi." Ya ɗaga takardar. "Amma ki cire Misali na Ɗaya ɗin nan. Sunana Naftali Brodsky, uwata ta sha wahala kafin ta zaɓo shi."

Ranar ta zo. Majami'ar ta cika fiye da yadda ta saba, don labari ya zaga cewa mai jita zai hau gaba. Yawancinsu tsofaffi ne, masu sanduna da na'urar ji a kunne, waɗanda suka zauna a kujeru ɗaya tun kafin a haifi Shifra. Ita tana layi na huɗu kusa da Ima. Abba na zaune a gefen dandamali ya harɗe hannu, Dov a bayansa da littafi buɗe a cinya.

Naftali ya lulluɓa mayafin addu'a, ya juya baya, ya ɗauko daidai inda Hazan ke ɗaukowa.

Shifra ta bi shi taki-taki a zuci. Zabura ta farko lafiya. Ta biyu lafiya. Wurin da ya saba zamewa ya wuce shi sumul. Jama'a shiru, leɓuna kawai ke motsi, kamar yadda suke yi kowace Asabar. Ita a haka ta tashi ta gani, ba ta taɓa tambayar kanta dalili ba. Ta ɗauka haka ake girmama hazan.

Aka shiga waƙar tarbar Asabar, baiti bayan baiti, ba kuskure. Saura baiti ɗaya ya ci jarrabawa.

A baitin ƙarshe kowa ya miƙe ya juya ya fuskanci ƙofa, don a tarbi Asabar yadda ake tarbar amarya. Shi ma ya juyo. Karo na farko ke nan a yammacin da jama'ar ke gabansa, ko da yake ƙeyoyinsu kawai yake gani. Shifra ta saci kallo ta kafaɗa, sai ta ga ya karkata kai gefe, idonsa a rufe. Ta san wannan karkatar. Ta dafe kujerar da ke gabanta.

Ita ma ta kasa kunne, ta ji abin da ya ji. A ƙarƙashin shirun nan akwai wani guna-guni. Tsofaffin suna bin waƙar a maƙogwaro, can ƙasa, inda muryarsu ke iya kaiwa, kowa yana ɓoye tasa don kada ta yi karo da ta gaba.

"Kada ka yi," ta ce a ranta. "Saura layi huɗu, motek. Kada ka yi."

Ya kama wani sauti ya riƙe. Ya ja shi, ya ja shi, har ta ji Dov ya ɗago kai. Sannan ya taka ta kansa ya sauko taki biyu, a hankali, ba alamar ɗinki, ya ajiye waƙar daidai kan guna-gunin nan. Ya kuma rage muryarsa, ya bar musu wuri.

Wani tsoho a baya ne ya fara fitowa, murya na rawa. Sai wani. Sai layi guda. Sai Shifra ta ji wata murya kusa da kunnenta, mai kauri, mai ɗumi, ta cika wurin. Ta juya ta ga Ima ce. Shekara ashirin da shida tana zama kusa da matar nan a majami'a, ba ta taɓa jin ta ɗaga murya ba.

Suka rera baitin, suka sunkuya wa ƙofa, suka ƙi tsayawa, suka sake maimaita shi. Shifra na kuka, ta rasa ko na daɗi ne ko na baƙin ciki, don ta san sharaɗi ya karye.

A teburin abinci kowa ya duƙufa kan kwanonsa. Dov ne ya kasa haƙuri.

"Hazan, ya canja mataki a baitin ƙarshe. Taki biyu cur."

"Na ji, Dov. Ban kurmance ba tukuna."

Hazan ya ajiye cokali. Bai dubi Naftali ba, matarsa ya duba, ya daɗe yana kallonta.

"Bluma, ashe kina waƙa?"

"Kullum ina yi a kicin, Zelig."

"A majami'a nake nufi."

"A majami'a ba na iya kamo ka. Kana can sama. Ba ni kaɗai ba ce, duk layinmu haka muke."

"Shekara talatin da ɗaya? Me ya hana ki gaya mini?"

Ima ta gyara zaman kwanon kugel.

"Ka taɓa tambaya?"

Abba ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya sake cirewa. Shifra ba ta taɓa ganin ya rasa abin yi da hannunsa ba.

"Ni na ɗauka saurarona suke yi," ya ce a hankali, kamar da kansa yake magana. Can ya juyo wurin Naftali. "Kuskure ne. Ka san kuskure ne?"

"Na sani, Hazan."

"Ka san abin da za ka rasa, ka yi?"

"Na sani. Ki yafe mini, Shifra. Na ji su suna so su shigo, ƙofa a rufe. Na kasa."

"Wa ya koya maka sauka ta wannan sautin? Ni kaina sai da ka isa ƙasa na gane an tashi."

"'Yarka."

"Wa kuma ya gaya maka inda za ka tsaya?"

"Matarka, Hazan. Muryarta na bi."

Abba ya yi wata 'yar dariya ta hanci, idonsa ya yi ja.

"Wato gidana gaba ɗaya aka haɗa baki." Ya tura wa Naftali kwandon burodi. "Sharaɗina ya karye, ba zan ce bai karye ba. Amma ni na gindaya shi, ni kuma na janye. Ku bari a fita makonnin bayan Pesah da ba a aure, ku sa rana. Kai kuma kowace Lahadi ka ci gaba da zuwa, karin ranar azumi yana nan yana jiranka. Ba zan yi suruki da gajeren wando ba."

Shifra ta zagaya tebur ta rungume wuyansa. Dov ya ce yana da wani uzuri, amma sai da Ima ta ƙunsa masa kugel kafin ya fita.

Ranar wata Lahadi a watan Yuni aka kafa rumfa a bakin tafkin nan. Motoci biyu manya suka kwaso tsofaffin Milwaukee da sandunansu, ma'aikatan sansani suka zo da gajerun wanduna, dangin Brodsky suka cika ɓangare guda suna ta surutu. Shifra ta zagaya angonta sau bakwai cikin farar riga, ta tsaya a gefensa, ya sa mata zobe.

Aka miƙa wa Hazan Zelig kofi. Ya gyara mayafi, ya buɗe baki zai fara albarkun, sai ya tsaya. Ya dubi jama'ar da ke gabansa, ya dubi matarsa. Sannan mutumin da ya shekara talatin da ɗaya bai nemi shawarar kowa a kan murya ba ya sunkuyo kusa da kunnen ango.

"Ɗana," ya ce ƙasa-ƙasa, "daga ina zan ɗauko?"

Naftali ya saurara kaɗan, ya yi masa guna-gunin sauti ɗaya.

Abba ya ɗauka daga nan. Muryar da Shifra ta jira tun tana ƙarama ta tashi a kanta, ta yi wa Allah godiya da ya halicci ɗan inabi, ya halicci mutum, ya halicci murna da ango da amarya. Da ya kai albarka ta bakwai, bai kai rabi ba jama'a suka karɓe, tsoho da yaro, Ima a kan gaba. Ya sassauta muryarsa ya bar su, hawaye na bin gemunsa.

Naftali ya taka kofin gilashi ya fashe bisa al'ada, wuri ya kaure da mazal tob, wato barka da arziki.

Allah ya sa albarka a gidan Shifra da Naftali, ya ba su 'ya'ya masu kunnen uwa da zuciyar uba, ya ja kwanan tsofaffin su ga jikoki. Amin.